Daga Ƙwayar Kullum Zuwa ta Wata-Wata: Yadda Aka Gano Lokacin Fara Wa Kwikwiyo Rigakafin Tsutsar Zuciya

Idan ka kai ɗan kwikwiyo wurin likitan dabbobi a ƙasar da tsutsar zuciya ta yi katutu, kamar kudancin Amurka ko arewacin Italiya, zai ce maka a fara masa rigakafi kafin ya wuce mako 8 da haihuwa. Mutane da yawa kan yi mamaki. Kwikwiyon da bai daɗe da barin nono ba, ina shi ina ciwon zuciya? To, wannan adadi na mako 8 ba a ka aka tsince shi ba. An kwashe fiye da ƙarni ana bincike kafin a kai gare shi.

Tsutsar da ake magana a kai masana na kiranta Dirofilaria immitis. Fara ce, siririya kamar taliya, macen kan kai tsawon santimita 30. Duk da sunanta, mazauninta na ainihi shi ne manyan jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu, sai idan ta yi yawa ta cika ɓangaren dama na zuciyar. Tana iya shekara 5 zuwa 7 a jikin kare. Da farko kare ya fara tari, ya riƙa gajiya da wuri, ya rame, daga baya zuciya ta gaza.

Bayani mafi daɗewa da ake dangantawa da ita ya fito ne daga Italiya a 1626, a littafin farauta na wani attajiri mai suna Francesco Birago, wanda ya ambaci tsutsotsi a zuciyar karen farauta. Amma bayanin kimiyya sai a 1856, lokacin da Joseph Leidy na birnin Filadelfiya ya siffanta ta ya raɗa mata suna. A 1911 masana biyu na Faransa, Railliet da Henry, suka sa ta a rukunin Dirofilaria. A zamanin Leidy dai an san tsutsar, amma ba wanda ya san ta inda take shiga.

Amsar ta biyo ta hanyar cutar mutane. Wajajen 1877, likita Patrick Manson da ke aiki a Amoy ta ƙasar Sin ya nuna cewa 'ya'yan tsutsar da ke haddasa tundurmi suna girma a cikin sauro. A 1900 Grassi da Noè a Italiya suka nuna irin wannan ga tsutsar jinin kare. Daga nan aka ci gaba da bin sawun rayuwarta mataki-mataki, kuma wannan jadawali shi ne ginshiƙin duk shawarar da ake bayarwa yau.

Ga yadda abin yake. Sauro ya ciji kare mai cutar, ya zuƙi jini tare da ƙananan 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani. A yanayi mai ɗumi, cikin kwana 10 zuwa 14 sun kai matakin da za su iya kama wani kare. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 14 a ma'aunin Salsiyos, girman nasu ya tsaya. Da sauron ya ciji wani karen, sai su shiga ta kafar cizon, su zauna ƙarƙashin fata da cikin tsoka suna saɓa. Tsakanin kwana 50 zuwa 70 suke saɓar ƙarshe, sannan su bi jini su isa jijiyoyin huhu. Sai bayan wata 6 zuwa 7 suke balaga su fara haihuwa. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, wato kwana 50 zuwa 70 da wata 6 zuwa 7, domin komai a kansu ya rataya.

Maganin farko da aka dogara da shi, tun ƙarshen shekarun 1940, na kashe manyan tsutsotsi ne, mai suna thiacetarsamide. Yana ɗauke da sinadarin arsenik, ta jijiya ake ba da shi, yana wahalar da hanta da ƙoda. Ga kuma matsala ta biyu: tsutsar da ta mutu ba ta da hanyar fita, gutsattsarinta kan toshe jijiyoyin huhu, kare ya mutu ana tsakiyar yi masa magani. Wannan ya sa masana suka koma neman hanyar tare ta tun tana ƙarama.

Nan ma maganin mutane ne ya taimaka. A 1947 aka samar da diethylcarbamazine, da ake taƙaitawa DEC, don yaƙar tsutsar tundurmi. Daga baya aka gane cewa idan ana ba kare shi kullum, yana kashe 'ya'yan tsutsar a kwanakin farko na shigarsu. Ya zuwa shekarun 1970 ya zama ruwan dare a Amurka, a daidai zamanin da aka kafa ƙungiyar masana tsutsar zuciya ta Amurka a 1974. Sai dai DEC na da sharuɗɗa masu tsauri. Ka yi fashin kwana biyu ko uku, kariya na iya warwarewa. Kuma idan aka ba karen da tuni jininsa ke ɗauke da 'ya'yan tsutsa, yana iya faɗuwa nan take, har ya mutu. Daga nan al'adar gwada jini kafin fara rigakafi ta samo tushe.

Babban sauyin ya fito ne daga ƙasar da aka ɗebo a Japan. A farkon shekarun 1970 Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato ya ware wata ƙwayar halitta daga turɓayar da aka kwaso kusa da wani filin wasan golf a yankin Shizuoka. Ya aika ta kamfanin Merck, inda William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana samar da sinadari mai kashe tsutsotsi. Daga shi aka haɗa ivermectin, ya shiga kasuwar dabbobi a 1981. A 1987 aka amince da shi a matsayin rigakafin karnuka na wata-wata da sunan Heartgard. A wannan shekarar ce Merck ya fara ba da shi kyauta da sunan Mectizan don cutar makantar da ƙudajen bakin kogi ke yaɗawa, wanda har yanzu ake rabawa a ƙauyukan Najeriya da Kamaru. Omura da Campbell sun samu lambar yabo ta Nobel a 2015.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ƙwayar wata-wata ba garkuwa ba ce da ke tsare kare na kwana 30 masu zuwa. Baya take sharewa. Tana kashe 'ya'yan tsutsar da suka shiga a watan da ya gabata, kafin su yi saɓar nan ta ƙarshe. Da zarar sun wuce wannan mataki, ƙarfinta a kansu ya ragu sosai.

To yanzu lissafin mako 8 ya fito fili. Sauro na iya cizon kwikwiyo tun ranar da aka haife shi, kuma nonon uwa ba ya kare shi daga wannan cuta. Mako 8 kwana 56 ne. Ka ga kenan idan aka wuce haka, tsutsar da ta shiga a kwanakin farko ta kusa kuɓuce wa maganin. Shi ya sa ƙungiyar masanan ta Amurka ke cewa a fara da zarar takardar maganin ta ba da dama, kada dai a wuce mako 8. Heartgard da Revolution daga mako 6 ne, Interceptor daga mako 4 idan nauyin kwikwiyon ya kai kusan kilo 1. Allurar ProHeart mai daɗewa kuwa sai kare ya kai wata 6.

Lamba ta biyu ita ke amsa tambayar gwaji. Gwajin da aka fara amfani da shi a shekarun 1980 yana gano wani sinadari ne da babbar macen tsutsa ke saki a jini. Kwikwiyon da bai kai wata 7 ba, ko ya kamu, gwajin ba lallai ya nuna ba, don tsutsar ba ta balaga ba tukuna. Saboda haka ana fara masa rigakafi ba tare da gwaji ba, a gwada shi bayan wata 6, a sake bayan wani wata 6, daga nan sau ɗaya a shekara. Wanda ya kai wata 7 kuwa, gwaji ne farko.

Akwai abubuwa biyu da tarihin ya ƙara koyarwa. Na ɗaya, awo. Rigakafin kare maikirogiram 6 ne kacal a kowane kilo, alhali na shanu 200 ne. Ɗibar ivermectin na shanu a tsira wa kwikwiyo da ka, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne. A 2001 masana a Jami'ar Jihar Washington sun gano wani sauyin gado da ke sa karnuka irin su Collie kasa jure awo mai yawa, ko da yake awon rigakafin bai cutar da su. Kuma tunda kwikwiyo na girma da sauri, kowane wata sai an auna shi an daidaita ƙwayar. Na biyu, tun shekarun 2000 aka fara samun tsutsotsi masu bijire wa maganin a yankin kogin Misisipi, abin da ya sa gwajin shekara-shekara ya zama dole ko ga karen da ba a taɓa yi wa fashi ba.

Karen da ya riga ya kamu fa? Yau ana yi masa allura uku ta melarsomine, wanda shi ma arsenik ne, bayan wata guda na doxycycline, sannan a tsare shi watanni ba gudu ba tsalle, don kada matattun tsutsotsi su toshe masa huhu. Karen farauta ko na gadi, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan kana da kwikwiyo a wurin da sauro ke nan rani da damina, ka tambayi likitan dabbobi ko ana samun cutar a yankinku, ka kuma yi tambayar kafin ya cika wata biyu.