Brian Greenwood: Daga Binciken Garkuwar Jiki a Zariya Zuwa Riga-kafin Yaran Sahel

Brian Greenwood likita ne ɗan Ingila, an haife shi a 1938, ya yi karatu a Kambirij da Asibitin Middlesex da ke Landan. A duniya an fi saninsa da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, amma asalin fagensa ilimin garkuwar jiki ne, kuma a Nijeriya tambayoyin da suka gina sunansa suka samo tushe.

Ya zo Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1965. A can ya lura cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, irin su amosanin gaɓɓai mai tsanani, ba su cika yawa ba idan an kwatanta da Turai. A 1968 ya wallafa hasashensa a mujallar Lancet: wataƙila yawan kamuwa da maleriya da makamantanta tun ƙuruciya ne ke sauya halin garkuwar. Da ya koma Ingila sai ya gwada abin a kan wasu ɓeraye da kan gaji irin wannan ciwo. Aka sa musu ƙwayar maleriya, ciwon ya lafa. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a 1970, kuma masu nazarin dalilin yawaitar waɗannan cututtuka a ƙasashe masu arziki har yanzu suna ambatonsa.

A shekarar 1970 ɗin ya dawo Nijeriya, wannan karo Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke kafa sashen koyar da likitanci. Shekara goma ya yi a can. Sai ya juya tambayar: in maleriya na danne garkuwar jiki har ta hana ta cutar da mai ita, ba za ta hana ta karɓar riga-kafi ba? Bincike a kan yara ya nuna haka ne. Wani aiki na 1978 ya gano yaron da ya yi zazzaɓin ba ya amsa allurar sanƙarau yadda ya kamata ko bayan wata guda. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a ƙasar da kusan kowane yaro ke kwanciya da damina.

Sanƙarau kuwa shi ya tilasta kansa cikin aikin. Zariya na cikin yankin da annobar ke ɓarkewa da rani, tsakanin hunturu da saukar ruwa, kuma ta 1977 ta cika asibiti maƙil. Greenwood da abokan aikinsa, ciki har da Hilton Whittle, sun riga sun daidaita wata hanya ta gano ƙwayar cutar a ruwan laka cikin gaggawa, ta amfani da sinadaran garkuwa maimakon jiran ta tsiro a ɗakin gwaji. Ayarin Zariya ne kuma ya nuna allura ɗaya ta maganin chloramphenicol mai maiƙo na iya wadatar da majinyaci. Wannan ya zama abin dogaro na shekaru masu yawa a duk inda annoba ta fi ƙarfin ma'aikatan jinya.

A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara, har shekara goma sha biyar. A nan ne aikin ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga ƙauye. Gwajin gidan sauro mai magani da aka wallafa a 1991 ya nuna mace-macen ƙananan yara sun ragu da fiye da rabi, adadin da ya ba masana da dama mamaki. Da aka faɗaɗa shirin a faɗin ƙasar, raguwar ta tsaya kusan kashi 25 cikin ɗari, wanda shi ma ya isa hujja. A zamaninsa aka aza harsashin manyan gwaje-gwajen riga-kafin cututtukan huhu na yara.

A 1996 ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Ya tsaya tsayin daka kan ba yara maganin maleriya wata-wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma yau ana rabawa gida-gida a Arewacin Nijeriya da Nijar. Ya jagoranci ƙawancen da ya auna tasirin allurar MenAfriVac a Chadi, inda sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi ta. A 2021 gwajin da yake cikinsa a Mali da Burkina Faso ya nuna haɗa allurar riga-kafin maleriya ta RTS,S da maganin damina ya fi kowanne shi kaɗai nesa ba kusa ba.

Tasirinsa a kan mutane ya kusa kai na rubuce-rubucensa. Pedro Alonso, wanda ya jagoranci gwajin gidan sauron, daga baya ya shugabanci sashen maleriya na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kevin Marsh, wani abokin aikinsa, ya bar Gambiya, daga baya ya gina cibiyar bincike ta Kilifi a Kenya. Shirin da Greenwood ya jagoranta da tallafin Gidauniyar Gates ya horar da 'yan Afirka da dama har digirin digirgir. A 2008 shi da Miriam Were ta Kenya ne suka fara karɓar lambar Hideyo Noguchi ta Japan, sannan a 2012 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir.