Yadda Muka Koyi Ƙirga Shekarun Duwatsun Dutse

Masu haƙa rijiya sun riga mu sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasar Jigawa. A Kiyawa ko Jahun, tsohon maginin rijiya zai faɗa maka a gaba nawa ake barin jan rairayi a shiga yumɓu, a ina tsakuwa take, a ina kuma ruwa ke tsattsafowa. Abin da ilimin nazarin ƙasa ya ƙara a kan wannan sani shi ne tambaya guda: yaushe kowane shimfiɗi ya kwanta?

J. D. Falconer ne ya fara aza tubali. Bayan ya zagaya Arewa neman ma'adinai, ya fitar da littafinsa a 1911, inda ya raba duwatsunmu na giranit gida biyu, tsofaffi da 'yan baya. Ba shi da na'urar auna shekaru. Ido da guduma ya yi amfani da su: dutsen da ya keta wani ya shiga cikinsa, shi ne ƙarami. Da aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a 1919, hankali ya fi karkata ga kuzar Jos, sai kuma ruwan sha. Neman ruwan ne ya kawo Raeburn da Jones, waɗanda a 1934 suka bayyana shimfiɗun rairayi da yumɓu na kwarin Chadi, waɗanda suka lulluɓe mafi yawan jihar nan.

Duwatsun da suka kewaye Garu, tsohon garin Dutse, tsibiri ne a tsakiyar wannan rairayi. Narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin tsaunuka masu aman wuta, cikin tsohon falalen da ya kai kimanin shekara miliyan 600. Tunda yau muna taka shi da ƙafa, akuya na kiwo a kansa, to duk abin da ya rufe shi ya zaizaye ya tafi, kuma zaizaya irin wannan ba ta yiwuwa sai ƙasa ta ɗaga.

Amsar shekarun ta zo ne daga ɗakin awo. Sinadarin rubidiyam da ke cikin dutse yana rikiɗewa a hankali zuwa sitirontiyam, da saurin da aka sani, saboda haka gwada yawan su biyun na nuna lokacin da dutsen ya daskare. A 1984 M. A. Rahaman da Bowden da abokan aikinsu suka ba duwatsun Dutse shekara miliyan 213, na Afu a can kudu kuma miliyan 141. Na Azbin a Nijar sun haura miliyan 400. Wato wutar ta taso daga arewa tana gangarowa kudu, ta ratsa Damagaram, ta yada zango a nan, sannan ta wuce Jos. Har yau ana jayayya kan abin da ya tura ta, amma jerin shekarun ya tsaya daram. Ni kam ban taɓa bin hanyar Dutse zuwa Birnin Kudu ba tare da wannan jeri ya faɗo mini a rai ba.

Shimfiɗu masu laushi su suka fi ba mu wuya. Ƙwayar rairayi ta girmi tudun da take kwance a ciki, don haka auna ta ba ya faɗin ranar da ta sauka. Sai aka koma ga ƙananan halittun ruwa da ƙurar furanni da suka maƙale a yumɓu, waɗanda suka nuna cewa shimfiɗun Chadi 'yan miliyoyin shekaru ne kawai. Tsakanin su da dutsen da suke kwance a kai akwai giɓin fiye da shekara miliyan 200 wanda bai bar ko shimfiɗi ɗaya a nan ba. Labarin ɗagawar ƙasar yana cikin giɓin, kuma shaidarsa ita ce tsakuwar da ruwa ya kwashe ya zuba a gabas.

Na sama-sama kuwa iska ce ta kawo su. A 1958 A. T. Grove ya nuna cewa dogayen tuddan rairayin ƙasar Hausa, masu miƙewa daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, tsohuwar hamada ce da ciyawa ta ɗaure. Yanzu ana iya auna ranar da ƙwayar rairayi ta rabu da hasken rana. Ana buga baƙin bututu a bangon rami, a toshe bakinsa biyu nan take, domin walƙiyar rana kaɗan ta isa ta goge lissafin. Awon ya nuna dubban shekaru ne, ba miliyoyi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne burtsatse. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 an haƙa su birjik, kowace tana fito da tarihin wurin mita bayan mita. A da akan jera samfurin kowane zurfi tsibi-tsibi a gefen inji, a murza shi da yatsa, a rubuta launi da kaurin ƙwaya. Na tsaya a wurin wani aiki na ga taɓon yana malala cikin kwata, na ce wa mai injin, "Malam, ina takardar shimfiɗun?" Ya ce, "Yallaɓai, ruwa aka ce mu samo, ga shi kuwa mun samo." Ramin ya ratsa yumɓu mai kauri kafin ya dira a kan dutse, kuma ba wanda ya rubuta a mita nawa.