Ƙungiyoyin Ɗalibai a Kwalejojin Arewa, da Yadda Hausa Ta Koyi Zaman Taro

Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan tarihin ilmin zamani a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga abin da a ke koyarwa cikin aji, watau manhaja da littattafai da jarrabawa. Abin da ɗalibai su ke yi bayan an tashi daga aji kuwa, kamar muhawara da wasan kwaikwayo da taron ƙungiya, a kan ambace shi ne a gurguje, sai ka ce wasan yara. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa a waɗannan tarurruka ne samarin Arewa suka fara koyon zaman taro irin na zamani, kuma ta bakinsu ne harshen Hausa ya saba da kalmomin da a ke tafiyar da siyasa da su har yau.

Abin da Aka Tarar

Tun kafin zuwan Turawa samarin ƙasar nan suna da nasu tsari. Kusan kowane gari yana da sarkin samari, wanda ya ke tara su in za a yi gayya ko wani aikin gari. A wasan kalankuwa da a ke yi bayan kaka, samari su kan naɗa sarki da waziri da alƙali a tsakaninsu, su yi shari'a, su ci tara, daga baya ma suka ƙara da Gwamna da Di'o. A ƙasar Zuru, Dakarkari suna da golmo, inda saurayi da tsararrakinsa su ke haɗa ƙarfi su yi wa surukinsa noma shekaru da dama kafin a ba shi mata. Sabo da haka haɗa kai da bin shugaba ba baƙon abu ba ne ga yaron da aka kai makaranta.

Abubuwa huɗu ne ba a saba da su ba. Na farko, dokokin ƙungiya a rubuce. Na biyu, zaɓen shugaba na ƙayyadadden lokaci, in wa'adinsa ya cika ya sauka. Na uku, rubuta abin da aka faɗa a taro don a karanta shi a zama na gaba. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ƙarami ya miƙe tsaye gaban jama'a ya musa wa babba, ba a kuwa ɗauke shi marar kunya ba.

Kwalejin Katsina

An fara karatu a Kwalejin Katsina cikin 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta cikin 1922. An kafa ta ne don horar da malaman da za su koyar a makarantun larduna, karatunta kuwa shekara 5 ne. Cikin 1938 aka mai da ita Kaduna, cikin 1949 aka kai ta Zariya, cikin 1971 ta sami sunan Barewa. Cikin waɗanda suka yi karatu a Katsina akwai Ahmadu Bello, daga 1926 zuwa 1931, da Abubakar Imam, da Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ya gama cikin 1933. Aminu Kano da Shehu Shagari kuwa zamanin Kaduna suka tarar.

Turawan da suka tsara kwalejin sun kwaikwayi makarantun kwana na Ingila. Aka raba ɗalibai gida gida, kowane gida da shugabansa, aka sa su gasar kurket da wasan ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu, wanda Sardauna bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Aka kuma matsa ƙwarai wajen furucin Ingilishi. Don a saki harshen yara ne a ke sa su muhawara, a ba su magana guda, waɗansu su goyi bayanta, waɗansu su soke ta, sa'an nan a ƙirga hannuwa. Abin da malaman su ke nema shi ne Ingilishi mai kyau da ladabi. Amma wanda aka koya wa kawo hujja a kan ko noma ya fi fatauci, ba wuya wata rana ya kawo hujja a kan haraji.

Wasan Kwaikwayo

Muhawara da Ingilishi a ke yinta, wasan kwaikwayo kuwa Hausa ya kama tun da wuri. Dalili a fili ya ke: masu kallo sun haɗa da iyaye da ma'aikatan En'e da mutanen gari, waɗanda ba su jin Turanci. R. M. East ya buga littafinsa na wasannin Hausa shida a shekarun 1930 don amfanin makarantu. Aminu Kano, yana ɗalibi a Kaduna, ya tsara wasanni irin su Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, da Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, inda ya ke zambo ga cuta da danniya. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda aka buga cikin 1949, a makarantar Midil ta Sakkwato ya samo asali.

In muka dubi ƙasashen da Faransa ta mallaka za mu ga bambanci. A makarantar William Ponty ta Senegal, inda Boubou Hama da Diori Hamani na Nijar suka yi karatu, ɗalibai sun shahara da wasan kwaikwayo a shekarun 1930, har aka kai su Faris cikin 1937. Amma da Faransanci a ke maganar wasannin nasu. A nan Arewa dandalin makaranta ya ba ɗalibi dama ya faɗi da harshen uwarsa, cikin raha, abin da ba zai iya faɗa a fada ba, jama'a kuma su ji su gane.

Daga Kwaleji zuwa Jam'iyya

Da waɗannan ɗalibai suka fita suka zama malamai da akawuna, sai suka ɗauki al'adar taro suka tafi da ita garuruwan da aka tura su. Cikin 1939 aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin, ko da ya ke a wannan karo ba ta daɗe ba. Cikin 1943 aka buɗe Majalisar Taɗi ta Bauci da yardar hukuma, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa su ke zama tare da Turawan mulki da manyan En'e. Da taɗin ya kai ga mulkin En'e da albashin sarki, sai aka rufe ta. A Sakkwato ma Shehu Shagari da abokansa sun kafa ƙungiyar samari a tsakiyar shekarun 1940. Cikin 1948 aka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, bayan komowar Aminu Kano daga karatu a London.

A wannan shekara ta 1948 ne Dokta R. A. B. Dikko a Zariya da Malam D. A. Rafih a Kaduna suka tara 'yan boko, ƙungiyoyinsu suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna cikin Yuni 1949. Da farko ta ce ita ƙungiyar al'adu ce mai yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Sai cikin Oktoba 1951 ta fito a jam'iyyar siyasa sosai, bayan an riga an kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Cikin watan Agustan nan ne kuma Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Daga kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai zuwa wannan jawabi shekara 11 ce kacal.

Shaidar Kalmomi

Mai nazarin harshe yana iya bin sawun wannan tarihi cikin kalmomi. Jam'iyya kalmar Larabci ce mai nufin kowace irin haɗuwar mutane don wata manufa, da wannan ma'ana kuma aka sa wa Jam'iyyar Mutanen Arewa suna. Da ta rikiɗe ta koma siyasa, sai ta ja kalmar tare da ita, har yanzu in an ce jam'iyya ba abin da ke zuwa zuciya sai zaɓe, kalmar ƙungiya kuwa ta gaji tsohon gurbin. Ƙuri'a a da ita ce a ke jefawa don raba gardama ko rabon kaya, sa'a ce ke yanke hukunci, yanzu ta zama muryar mai zaɓe. Majalisa zaman sarki ne da 'yan majalisarsa, ta zama zaman wakilai. Magatakarda da ma'aji muƙaman fada da En'e ne, ƙungiyoyi suka are su. Inda ba a sami tsohuwar kalma da ta dace ba aka karɓi ta Ingilishi aka gyara mata baki, aka sami kwamiti da sakatare da ciyaman da ajanda.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa cikin Janairu 1939, ita ta baza waɗannan kalmomi, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955 kuma ta yi aikin daidaita su. Amma kalma ba ta zama a baki sai an yi ta amfani da ita, wurin wannan amfani kuwa shi ne ƙananan tarurrukan malamai da ɗalibai.

Bayan Haka

Da manyan makarantu suka yawaita, ƙungiyoyi suka rarrabu bisa manufa. An kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi a Ikko cikin 1954, da ƙungiyar ɗaliban Nijeriya baki ɗaya cikin 1956, wadda gwamnatin soja ta soke cikin 1978 bayan tarzomar kuɗin makaranta. Cikin 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta sauya hanyar zane a Nijeriya, alhali shekara 3 kawai ta yi a raye. Bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 kuma aka sami ƙungiyoyin Hausa a jami'o'i da kwalejojin horon malamai, masu shirya Makon Hausa.

Akwai abu biyu da wannan tarihi ya ke nema daga malaman kwaleji. Na ɗaya ya shafi harshen da a ke taro da shi. A gari kamar Zuru, inda aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya cikin 2020, ɗalibin da ya tashi a Rikoto yana iya zuwa aji da C'lela a gida, da Hausa a kasuwa, da Ingilishi a littafi. In ƙungiya ta tsare muhawara ga Ingilishi kaɗai, 'yan kaɗan ne za su yi magana, sauran su zama 'yan kallo. In kuwa ta buɗe wa Hausa ƙofa ta rufe wa C'lela da 'yan'uwansa, to, ta yi musu abin da aka so a yi wa Hausa. Darasin Kaduna da Sakkwato shi ne harshe yana girma ne in an ba shi aiki a gaban jama'a.

Na biyu ya shafi ajiya. Littafin da sakataren ƙungiya ya ke rubuta bayanin taro a ciki, da takardar dokoki, da rubutun wasan da aka yi ranar rabon kyauta, su ne shaidar da mai tarihi da mai nazarin harshe za su nema nan gaba. Irin waɗannan takardu su ne gara da ɗigon ruwa su ke fara ci, domin ba wanda aka ɗora wa alhakinsu. Ya kamata kowace kwaleji ta sa malami guda ya riƙa karɓarsu ƙarshen kowace shekara, ya rubuta sunan ƙungiya da shekara a bayansu, ya miƙa su ɗakin karatu.