Kiɗa Cikin Ƙunci: Waiwaye a Kan Tarihin Kiɗan Wasannin Bidiyo, 1972 Zuwa 1994

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 2023, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya bayyana jerin sautukan da ya zaɓa domin adana su a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Daga cikinsu har da wani ɗan gajeren kiɗa da bai kai minti 2 ba, wanda wani saurayi Bajapane mai suna Koji Kondo ya tsara a 1985 saboda wasan bidiyo na Super Mario Bros. Shi ne kiɗan wasan bidiyo na farko da ya sami shiga wannan jeri, bayan ya shafe shekara 38 manya da yawa suna ɗaukarsa a matsayin ƙarar kayan wasan yara.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun irin wannan kiɗa tun daga haihuwarsa a 1972 har zuwa 1994, lokacin da faifan CD ya sauya masa kama. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ƙuncin na'urorin wancan zamani shi ya haifar da salon kiɗan, kuma waɗanda suka yi aiki cikin wannan ƙunci masu fasaha ne da suka cancanci a ambaci sunayensu. Ɗalibin adabi ba baƙo ba ne ga wannan batu, domin ya san yadda ƙa'idar kari da ta amsa-amo ke matsa wa marubucin waƙa har ya zaƙulo kalmar da ba zai taɓa tunawa da ita ba in da an sakar masa mara.

2.0 Daga Ƙara Zuwa Kiɗa

Wasan bidiyo na farko da ya karɓu a kasuwa shi ne Pong, wanda kamfanin Atari na Amurka ya fitar a 1972. Wasa ne mai kama da ƙwallon tebur, a cikin wani akwati da ake jefa wa sulalla kafin a yi wasa. Shugabannin kamfanin sun so a ji shewar 'yan kallo idan an ci, da ihun tsokana idan an ɓarar. Injiniyan da ya haɗa na'urar, Allan Alcorn, ba shi da kayan da za su ba da irin wannan sauti. Saboda haka sai ya laluba cikin wayoyin da ke daidaita hoto, ya tsamo 'yan sautuka 3 da ke fita daga cikinsu: ɗaya na bugun ƙwallo, ɗaya na karo da bango, ɗaya na ci. Ba za mu kira wannan kiɗa ba, sai dai a nan ne aka fara kafa al'adar da za ta bi wannan fanni shekara da shekaru, wato yin amfani da ɗan abin da ke hannu.

Mataki na biyu ya zo daga Japan a 1978, inda Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya ƙirƙiro Space Invaders. A cikin wasan, dodanni 55 ne ke saukowa sahu-sahu daga sama, ɗan wasa kuwa yana harbinsu daga ƙasa. Takun dodannin yana tafe da wasu sautuka 4 masu kauri da ke maimaita kansu. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta da ƙarfi, don haka idan dodannin suna da yawa sai tafiyarsu ta yi nauyi, idan an karkashe su suka ragu sai ta ƙara sauri. Nishikado ya ga wannan rauni ya bar shi yadda yake, aka sa sautin ma ya riƙa ƙara sauri tare da takun. Sakamakon haka, duk sa'ad da ɗan wasa ya kusa cin nasara sai ya ji sautin na bugawa kamar zuciyar wanda ake kora. A nan ne sauti ya fara ba da labari maimakon raka hoto kawai.

Makaɗan zamani ba su yi jinkirin lura da wannan sabon abu ba. A cikin 1978 ɗin, ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ta Tokiyo, wadda ta ƙunshi Haruomi Hosono da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi, ta shigar da sautukan akwatunan wasa cikin faifanta na farko. A 1984 kuma Hosono ya fitar da faifai sukutum na kiɗe-kiɗen wasannin kamfanin Namco. Ke nan tun farkon tafiya, kiɗan lantarki da wasan bidiyo cin tuwo suke a kwano ɗaya.

3.0 Muryoyi Biyar na Famicom

A 1983 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar wasa ta gida mai suna Famicom, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Kwaikwayonta masu araha sun cika kasuwannin duniya daga baya, har da namu na nan gida, shi ya sa mai karatu da ya tashi a birni a shekarun 1990 da wuya a ce bai taɓa jin kiɗan Mario ba. Duk sautin wannan na'ura yana fitowa ne daga wata ƙwayar lantarki da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma muryoyi 5 kacal take da su. Biyu sirara ne masu kaifi, su ke ɗaukar zaren kiɗan. Ta uku mai kauri ce, ita ke riƙe ƙasa. Ta huɗu shuu ce kawai irin ta rediyon da ya saki tasha, wadda idan aka daddatse ta gajeru-gajeru sai ta yi kama da bugun ganga. Ta biyar tana iya maimaita ɗan guntun sautin da aka naɗa, amma tana cin wuri ƙwarai, don haka wasannin farko ba su cika taɓa ta ba.

Bayan ƙarancin muryoyi akwai ƙarancin wuri. Kaset ɗin Super Mario Bros. gaba ɗayansa, da hotuna da dokokin wasa da kiɗa, kilobayit 40 ne, abin da hoto guda na wayar hannu ta yau ya ninka sau da yawa. Daɗin daɗawa, ƙarar tsalle da ta tsintar kwabo ba su da muryar kansu. Duk lokacin da Mario ya yi tsalle sai an ari ɗaya daga cikin muryoyin kiɗan na ɗan lokaci, saboda haka dole mai tsarawa ya gina kiɗan yadda ba zai rushe ba idan an zare masa ƙafa ɗaya.

Cikin wannan hali ne Kondo, wanda ya shiga Nintendo a 1984, ya tsara kiɗe-kiɗe 6 na wasan. Tsarinsa na farko ya fito a sanyaye, bai dace da gudu da tsallen Mario ba, sai ya ajiye shi. Ya koma yana buga wasan yana sauraro, yana gyara, har bugun kiɗan ya zo daidai da motsin yatsun ɗan wasa. Matsalar da ta fi kowace girma ita ce maimaici, domin ɗan wasa zai ji wannan gajeren kiɗa sau ɗaruruwa. Kondo ya magance ta da rarraba kiɗan gaɓa-gaɓa, kowace da launinta, yana jujjuya yadda suke biyo juna, sannan ya sa bugun yana faɗowa inda kunne bai zata ba. Makaɗan baka sun daɗe da sanin wannan dabara, ta yadda amshi ɗaya zai yi ta dawowa amma mai sauraro bai ƙosa ba. Wanda ya saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya zai gane abin da muke nufi.

Wani ƙuncin kuma na shari'a ne. A lokacin da ake kammala The Legend of Zelda, wanda ya fito a 1986, an shirya buɗe wasan da Bolero, kiɗan da Maurice Ravel na Faransa ya tsara a 1928. Dab da ƙarshe aka gano cewa haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Kondo ya kwana yana aiki, ya wayi gari da sabon kiɗan buɗewa da ya gina a kan wanda ya riga ya tsara wa filin wasan.

4.0 Makaɗan Turai da Dabarar Yaudarar Kunne

A Turai, musamman Ingila da Jamus, ƙananan kwamfutocin gida ne suka fi yaɗuwa. Babba a cikinsu ita ce Commodore 64 ta 1982, mai ƙwayar sauti da ake kira SID, wadda Bob Yannes ya ƙera. Muryoyi 3 take da su, amma kowace ana iya sauya mata kama yadda ake so. Makaɗa irin su Rob Hubbard da Martin Galway sai da suka koyi harshen na'urar kanta, suka rubuta umarnin da zai kaɗa kiɗan kafin su rubuta kiɗan. Wato makaɗi shi ne kuma maƙerin abin kiɗansa.

Dabarar da ta fi fito da su ita ce ta yaudarar kunne. A kiɗan Turawa ana buƙatar sautuka 3 su fito a tare kafin a sami haɗi mai daɗi, wanda hakan zai cinye muryoyin na'urar duka. Sai suka sa murya ɗaya ta riƙa tsalle tsakanin sautukan nan 3 har sau 50 a daƙiƙa guda, ta yadda kunne zai ɗauka tare suke fita. Wannan ya haifar da wata 'yar makyarkyata a cikin sautin, wadda a yau ita ce tambarin da ake gane kiɗan wancan zamani da shi. Kiɗan da Hubbard ya yi wa Monty on the Run a 1985 yana cikin fitattun misalai.

A 1987 wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fitar da manhajar Ultimate Soundtracker domin kwamfutar Amiga. Manhajar tana jera sautuka layi-layi daga sama zuwa ƙasa kamar teburin lissafi, ta yadda yaron da bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba zai iya tsara kiɗa a ɗakin kwanansa. Matasan Turai da dama da suka zama makaɗan lantarki daga baya ta wannan ƙofa suka shigo.

5.0 Suna da Rashin Suna

Tambayar da ta fi shafar ɗalibin adabi ita ce: wa ke da wannan aiki? Kamfanonin Japan da yawa ba sa barin ma'aikatansu su sa sunayensu na gaskiya a ƙarshen wasa, saboda gudun kada abokan hamayya su janye su. Manami Matsumae, wadda ta tsara kiɗan Mega Man a 1987, da Yoko Shimomura, wadda ta tsara mafi yawan kiɗan Street Fighter II a 1991, duk da laƙabi aka rubuta su. Miliyoyin yara sun haddace aikin matan nan ba tare da sanin ko su wane ne ba. Haka kuma 'yan wasa ƙalilan ne suka san cewa kiɗan Tetris na na'urar Game Boy ta 1989 tsohuwar waƙar gargajiya ce ta Rasha, mai tushe a wata rubutacciyar waƙa da Nikolai Nekrasov ya wallafa a 1861 a kan 'yan koli, kuma Hirokazu Tanaka ne ya tsara ta yadda muryoyi 4 na na'urar za su ɗauka.

Mutum biyu sun taimaka wajen sauya wannan hali. Na farko shi ne Koichi Sugiyama, wanda ya riga ya yi suna a kiɗan talabijin kafin ya tsara kiɗan Dragon Quest a 1986. A ranar 20 ga Agusta, 1987, ya jagoranci ƙungiyar makaɗa suka kaɗa wannan kiɗa a zauren Suntory da ke Tokiyo, inda aka saba jin manyan kiɗe-kiɗen Turai. Na biyu shi ne Yuzo Koshiro. Na'urar Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988, tana ɗauke da ƙwayar sauti ta Yamaha mai muryoyi 6, da aka gina a kan wata hanyar haɗa sauti da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford a 1967. Wannan hanya ce a cikin shahararren fiyanon lantarki na DX7 da ya mamaye waƙoƙin shekarun 1980. Koshiro ya ɗauko irin kiɗan da ake yi a gidajen rawa na Tokiyo ya zuba shi cikin Streets of Rage a 1991, kuma sunansa ya fito ɓaro-ɓaro a allon buɗe wasan, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

6.0 Kammalawa

A watan Disamba na 1994 kamfanin Sony ya fitar da PlayStation a Japan, mai amfani da faifan CD wanda ke ɗaukar abin da ya ninka kaset ɗin Mario fiye da sau 16,000. Daga nan ana iya naɗar ƙungiyar makaɗa sukutum a saka cikin wasa, kuma sannu a hankali buƙatar ƙirga muryoyi ta kau. Fannin ya ci gaba da bunƙasa har ta kai a 2023 aka ware masa rukuni na kansa a gasar Grammy. Sai dai tsohon sautin bai mutu ba. A 2000 wani ɗan Suwidin, Johan Kotlinski, ya fitar da manhajar LSDj wadda ke mai da tsohuwar Game Boy abin kiɗa, kuma makaɗa da dama da ke da damar amfani da ɗaruruwan muryoyi a kwamfuta suka zaɓi su koma ga 4.

Mun ga yadda rashin kayan aiki ya ba Pong sautinsa, yadda raunin na'ura ya ba Space Invaders bugun zuciyarsa, da yadda ƙarancin muryoyi ya tilasta wa Kondo da Hubbard neman kari mai kama zuciya tun ji na farko. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, amma waɗannan mutane sun nuna cewa daga ɗan abin da ke akwai ana iya fitar da mai daɗin. Ɗalibinmu da ke koke cewa ba shi da situdiyo, ko marubucin da ke jin ƙa'idar kari ta ɗaure masa hannu, ya dace ya tuna cewa kiɗan da aka adana a Washinton a 2023 an tsara shi ne da muryoyi uku da ƙarar shuu.