Birriya: Naman da Aka Raina, Romon da Ya Ƙetare Iyaka

Ran Lahadi da safe, ƙamshin naman akuya ne ke tashin unguwar Nueve Esquinas daga barci. Unguwar tana cikin tsohon garin Gwadalahara, babban birnin jihar Halisko a yammacin Meksiko, kuma abu ɗaya gidajen abincinta suka yi suna a kansa: birriya. Kada sunan ya ruɗe ka, ba ta haɗa dangi da shinkafar biriyani ba. Naman akuya ne da aka dafa har ya saki ƙashi, a zuba a kwanon ƙasa, a kwarara masa jan romo, a ajiye maka yankakkiyar albasa da lemun tsami a gefe, sai totiya mai zafi, wato siririyar gurasar masara da mutanen can suke cin komai da ita. Bahaushe in ya gani farfesu zai ce, kuma bai kauce hanya sosai ba.

Kafin zuwan Turawa babu akuyar kiwo ko ɗaya a faɗin nahiyar Amurka, haka ma tumakin kiwo da shanu. A 1519 Hernán Cortés na Sifaniya ya sauka a gaɓar Meksiko, a 1521 birnin Tenochtitlan na daular Aztek ya faɗi a hannunsa, daga nan jiragen Sifaniya suka yi ta sauke dabbobi. Akuya kuwa kowa ya san halinta, inda saniya za ta rame ita ƙiba take yi. Tsaunukan Halisko masu ƙaya suka karɓe ta, ta hayayyafa, ta shiga yi wa manoma ɓarna a gonakin masara. Labarin da mutanen yankin suke bayarwa shi ne Turawan sun ƙyamaci namanta saboda tauri da wari, suka bar wa talakawan ƙasa. Ita kanta kalmar birria a harshen Sifaniyanci abin banza take nufi, abin da bai kai a kalle shi sau biyu ba.

Gwanintar duk tana cikin abin da talakawan suka yi da wannan nama. Suna da busasshen barkono iri-iri tun kaka da kakanni, musamman guajillo mai ja da ancho mai ɗan zaƙi, waɗanda ƙamshinsu ya fi yajinsu. Suna kuma da tsohuwar dabarar girki a rami. Turawa suka zo da tafarnuwa da kanumfari da kirfa da masoro da ruwan khal. Sai aka jiƙa barkonon, aka niƙa shi da kayan ƙamshin nan, aka shafe naman ya kwana. Washegari a naɗe shi a ganyen maguey, wani tsiro mai kama da kabar giwa amma ya fi ta girma nesa ba kusa ba, a sa a rami mai zafi ko tanderun ƙasa, a ajiye tukunya a ƙarƙashi tana tarar ruwan da ke ɗiga. Wannan ruwa, in aka haɗa shi da tumatir, shi ne romon da suke kira consomé. Sa'o'i masu yawa na turarawa su ke kashe taurin, barkono da tsami su kashe warin. Mutanen garin Cocula da ke Halisko suna cewa a wurinsu aka fara, kuma maƙwabtansu ba su taɓa yarda ba.

Wani abin lura: a zamanin da akuya ta ƙetare teku ta tafi can, barkono da tumatir da masara suka ƙetaro zuwa nan. Farfesun da muke ci yau ma ɗan wannan musaya ne.

An daɗe birriya tana abincin biki, ta ɗaurin aure da sunan jariri a coci da manyan bukukuwan shekara. Sannu a hankali ta fito kasuwa, aka sami gidajen da ba sa sayar da komai sai ita, ana kiransu birriería. Abincin safe ne zuwa hantsi, kuma waɗanda suka kwana shan giya sun yi imani romonta ke warware musu kai.

Ci-rani ne ya fitar da ita daga gida. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka ta riƙa ɗibar leburorin gona daga Meksiko a ƙarƙashin shirin Bracero, kuma Halisko na cikin jihohin da suka fi tura mutane. Hanyar ba ta rufu ba bayan shirin ya ƙare. Inda duk 'yan Halisko suka taru, a Los Anjeles ko Shikago, sai ka ga ƙaramin gidan birriya ya tsiro a lungun unguwa. A Shikago akwai Birrieria Zaragoza, wadda iyali ɗaya suka buɗe a 2007 a unguwar Archer Heights, suna dafa akuya irin ta garin La Barca: a turara naman, a shafe shi da barkono, a gasa, sannan a zuba romo.

Amma reshen da ya ci duniya daga Tihuwana ya fito, birnin da ke bakin iyakar Meksiko da Amurka. Ana danganta shi da Guadalupe Zárate, ɗan jihar Puebla da ya kafa teburinsa a can a 1950. Akuya ta yi masa tsada, nama kaɗan ƙashi da yawa, sai ya koma naman sa, ya kuma ƙara ruwa. Daga baya wasu suka fara tsoma totiya a jan man da ke tasowa saman tukunya, su soya, su cusa nama da cuku, su kira abin quesabirria. Wajen 2018 hotunanta suka cika Instagram a Los Anjeles, a 2019 motar abinci ta Birria-Landia ta kai birriya irin ta Tihuwana unguwar Jackson Heights a birnin New York, zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙarasa aikin a TikTok. Har taliyar ramen an zuba wa romon.

Ba na jayayya da daɗin quesabirria, cuku da jan mai ba sa ƙin baki. Sai dai kyamara ce ta zaɓe ta, domin cuku mai naɗewa ya fi kwanon romo kyau a waya, kuma a kan hanyar shahara aka yar da akuyar da ta haifi girkin. Dabarar nan kaf, daga kwanan nama cikin barkono har dogon turarawa, don lallashin naman akuya aka ƙirƙiro ta. Naman sa ba ya buƙatar wannan lallashi, shi ya sa ɗanɗanonsa a cikinta bai kai zurfin na akuya ba.

Mai karatu, in tafiya ta kai ka can, ka bar wurin da ake layin ɗaukar hoto, ka nemi ɗan gidan unguwa mai tukunya ɗaya. Ka tambayi yadda aka yanka dabbar da irin man da aka sa, sannan ka ce a ba ka de chivo, wato ta akuya. Ka kuma yi sammako, don in tukunyar ta ƙare rufe ƙofa suke yi.