Jarumin ban tausayi a wasan kwaikwayon tsohuwar Girka

Jarumin ban tausayi, wanda littattafan Faransanci ke kira héros tragique, shi ne babban tauraron wasa da ke faɗowa daga ɗaukaka zuwa halaka ta dalilin abin da ya aikata da hannunsa, alhali shi ba mugu ba ne. Ɗalibin lise a Diguel ko a Maraɗi yakan ci karo da kalmar a darasin adabi, wajen Racine ko Césaire, amma tushenta birnin Atina ne na ƙasar Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Asalin wasan

Kowace shekara mutanen Atina kan yi bikin Diyonisos, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. A cikin bikin akwai gasa: marubuta uku, kowanne da wasannin ban tausayi uku da guda na barkwanci, a buɗaɗɗen fili, gaban dubban ƴan kallo. Ƴan wasa maza ne zalla, ko da matsayin na mace ne, kuma suna sanye da fuskokin aro. Masu magana ba sa wuce uku, sai ƴan amshi 12, daga baya 15, masu waƙa da rawa suna sharhi a kan abin da ke faruwa. Kisa da zubar da jini galibi a bayan fage suke, sai manzo ya shigo ya ba da labari.

Marubuta uku ne aikinsu ya iso mana: Eskilus, Sofokilis da Yurifidis. Daga ɗaruruwan wasanni, talatin da ƴan kai ne suka tsira. Mafi daɗewa shi ne Farisawa na Eskilus, na shekarar 472 kafin Annabi Isa.

Ma'aunin Aristotal

Wajen shekarar 335 kafin Annabi Isa, Aristotal ya rubuta ɗan littafi a kan fasahar waƙa, kuma daga gare shi ake ɗauko yawancin abin da ake koyarwa yau. A ganinsa aikin wasan shi ne ya tayar wa ɗan kallo da tausayi da tsoro, sannan ya wanke masa zuciya da su. Wannan wankewa ita ce katarsis. Daga nan ya fitar da irin mutumin da ya dace da labarin. In salihi ne tsantsa ya halaka, abin sai ya zama takaici. In azzalumi ne ya faɗi, kowa zai ce Allah ya ƙara. Wanda ake nema mutum ne na tsaka-tsaki, mai suna da daraja, wanda wahalarsa ta fi laifinsa, don a tausaya masa, kuma mai kama da mu, don a ji tsoro.

Abin da ke kayar da shi ana kiransa hamartiya. Asalin kalmar kuskuren hari ne, kamar kibiyar da ta kauce wa abin da aka auna. Littattafan makaranta da yawa suna fassara ta da aibin hali, su ce girman kai ne ya kashe jarumin. Wannan taƙaitawa ce da ke ɓata fahimta, domin sau da yawa kuskuren na rashin sani ne. Bayan kuskure sai juyin al'amari, inda abin da aka yi don tsira ya zama sanadin halaka, sai kuma ganewa, lokacin da jarumin ya san gaskiya bayan bakin alƙalami ya bushe.

Littafin ya ratsa duniyar Musulmi tun da wuri. Abu Bishir Matta ya mai da shi Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, Ibn Rushd ya yi masa sharhi a ƙarni na 12. Da yake ba su san dandalin wasa irin na Girkawa ba, sai suka ɗauki wasan ban tausayi a matsayin madahu, na ban dariya kuma a matsayin zambo.

Odifus da Antigon

Misalin da Aristotal ya fi so shi ne Odifus Sarki na Sofokilis. An yi wa Layus, sarkin Tebis, duba cewa ɗansa zai kashe shi, sai ya sa a jefar da jaririn a daji. Makiyayi ya tausaya, yaron ya tashi a gidan sarkin Korinti yana zaton iyayensa ne. Da ya girma shi ma aka gaya masa zai kashe uba ya auri uwa, sai ya gudu daga Korinti don kada hakan ta faru. A wata mararraba ya yi faɗa da wani dattijo ya kashe shi. Ya isa Tebis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka ba shi sarauta da matar sarkin da ya mutu, Jokasta.

Duk wannan ya wuce kafin a buɗe fage. Wasan yana farawa ne da annoba a gari, da labarin cewa ba za ta tafi ba sai an gano wanda ya kashe Layus. Odifus ya rantse zai nemo shi. Makahon boka Tiresiyas ya ja masa kunne, Jokasta ta roƙe shi ya bar tone-tone, ya ƙi. Ana yawan cewa ƙaddara ce ta cinye shi, amma babu wanda ya tilasta masa binciken. Kishin talakawansa da naci a kan gaskiya, wato halayen da suka sa shi sarkin kirki, su ne suka kai shi ga sanin cewa shi ne mai laifin. Jokasta ta rataye kanta, shi kuma ya tsone idanunsa. Abin mamaki, an ruwaito cewa Sofokilis na biyu ya zo a gasar shekarar.

Antigon ƴar Odifus ce. Ƴan uwanta maza biyu suka kashe juna a kan sarauta, kawunta Kiriyon ya hau gado ya hana a binne wanda ya kawo wa garin yaƙi. Ta saɓa doka ta yi wa gawar sutura gwargwadon iko. Duk wanda ya san nauyin jana'iza a wurinmu ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilinta. Kiriyon ya sa aka rufe ta da rai a kogo, ta kashe kanta, ɗansa Hemon da zai aure ta ya bi ta, matarsa ma haka. Har yau ana gardamar wane ne jarumin. Bisa ma'aunin Aristotal Kiriyon ya fi cika sharuɗɗa, don shi ne ya yi kuskure, ya gane, ya rayu da nadama. Nelson Mandela ya taɓa fitowa a matsayin Kiriyon a wasan da fursunoni suka shirya a tsibirin Robben.

A Afirka da gefen tafkin Chadi

Jean Anouilh ya sake rubuta Antigon, aka nuna shi a Paris a 1944 lokacin mamayar Jamus. Ola Rotimi na Najeriya ya mai da labarin Odifus ƙasar Yarabawa a 1968. Aimé Césaire kuwa ya ɗauko jaruminsa daga tarihi a 1963: Henri Christophe, sarkin arewacin Haiti, wanda ya so ɗaukaka baƙar fata har ya azabtar da su da aikin tilas, suka juya masa baya, ya harbe kansa a 1820.

Akan tambaya ko tarihin yankinmu yana da irin wannan jarumi. Sunan da ke fara zuwa a N'Djamena shi ne Rabe, wanda ya ci Borno a 1893, ya zauna Dikwa, aka kashe shi a Kusseri ranar 22 ga Afrilu 1900, a yaƙin da Kwamanda Lamy ma ya mutu. Faɗuwarsa babba ce, sai dai shan kaye kaɗai ba ya cika sharaɗin. Ga mutanen Bagirmi da Kukawa da suka ɗanɗana takobinsa, tausayin da Aristotal ke nema zai yi wuyar samuwa.

Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fi kusa, ta fuskar Antigon, wato mutum tsakanin wajibai biyu. Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, zaɓi ya rage masa: ya zauna da jama'a ƙarƙashin Nasara ko ya yi hijira. Ya zaɓi hijira zuwa gabas, dubbai suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ahmed Yerima ya rubuta wasa mai sunansa. Masu girmama shi shahidi suke ganinsa, ba mai kuskure ba, kuma a nan ma'aunin Girkawa ya gaza. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran mabiya, suka ratsa ƙasar da ake kira Chadi yanzu, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan.