Tulun Tangaran na Kakata

Bayan ambaliyar 2022 da ta rushe gidaje a nan Miga, muna tonon ɗakin kakata, Allah Ya jiƙanta, sai na ci karo da wani ɗan tulun tangaran mai shuɗin zane, bakinsa ya ɓalle. Shi kaɗai ya tsira daga jerenta na aure.

Jama'a, jeren ɗakin mata tarihi ne fa. Da ƙwarya da akushi aka fara, sai tasoshin tagulla, sai langa da fanteka da ake shigo da su daga Hong Kong, kafin masana'antun Legas da Kano su fara ƙera su a shekarun 1960. Tangaran kuwa sai 'yar gata.

Asalin sana'arsa daga ƙasar Sin ne. Garin Jingdezhen ya fi shekara 1,000 yana gasa farin yumɓu da wuta mai tsanani har ya yi santsi kamar gilashi. Kuma sun san darajar kayansu: a 2014 an sayar da wani ɗan kofi na zamanin daular Ming a Hong Kong kan kusan dala miliyan 36.

Mu fa? Kwanukan iyayenmu muke auna wa 'yan gwangwan a kilo, ko mu musanya da roba.

Ban ce tulun nan zai yi kuɗi ba, wataƙila ma na kanti ne. Amma wallahi yanzu ba wanda zai gaya mini wa ya saya mata, ko a wace kasuwa. Wanda tsohuwarsa ke raye, ya zauna ya tambaye ta tun yau.